Yadda kajin kwali suka raba mu da aikinmu a Kumasi

An haife ni a Aboabo, cikin Kumasi, a gidan haya irin na Zango wanda kusan kowane magidanci a cikinsa daga kasuwa yake ci. Babana kaji da zabi yake sayarwa. Daga Bolga da Bawku ake aiko masa da su cikin manyan kwanduna a saman motocin dare, kuma tun ina makarantar allo aikina ne in ba su ruwa da dawa, in tsame duk wadda ta sunkuyar da kai kafin ta shafa wa sauran. A bayan rumfarsa akwai masu yanka da figa, kusan dukkansu 'yan Zango, domin ko wanda ba Musulmi ba ya fi son a yanka masa a hannun Musulmi saboda baƙinsa. Tukunyar ruwan zafinsu ba ta sauka daga wuta tun asuba. Kaza guda tana ciyar da mai kiwo, da direba, da ɗan dako, da dillali, da mai yanka, da matar da ke sayen kayan ciki ta soya.

A ƙarshen shekarun 1980 na sami aiki a wata babbar gonar kaji da ke wajen gari. Lebura na shiga, kwasar kashi da wankin mazubin ruwa. A can na koyi cewa kiwon kajin nama lissafi ne daga ranar farko zuwa ta ƙarshe, kuma zan faɗi lissafin dalla-dalla, domin wanda bai san shi ba ba zai gane abin da ya same mu ba.

Kafin 'yan tsaki su iso ana wanke ɗaki, a fesa magani, a bar shi ya huta kamar mako biyu. Sai a shimfiɗa dusar katako, wadda muke ɗebowa daga masu injin katako na Anloga da Ahinsan. Mai faɗi-faɗi ake so. Mai laushi kamar gari 'yan tsaki suna cinta, tana kuma shiga hancinsu. Makon farko suna buƙatar zafi na digiri 32 zuwa 35, ana rage kamar digiri 3 kowane mako. Da gawayi muke ɗumama su, kuma mai kwana da su ba ya buƙatar ma'auni: in sun cure a jikin wuta sanyi suke ji, in sun watse zuwa bango suna haki zafi ya yi yawa, in sun bazu ko'ina suna tsattsaga to lafiya lau. Rigakafi kuwa a jere yake, mako na ɗaya na cutar Gumboro, na biyu na cutar Niyukasil, na uku a maimaita Gumboro, na huɗu Lasota, wanda shi ma na Niyukasil ne. A ruwan sha ake bayarwa, bayan an hana su ruwa awa ɗaya ko biyu don su sha da sauri. In ka zuba maganin a ruwan famfo mai sinadarin kulorin, ko ka bar shi ya sha rana a hanya, ka kashe shi, ka yi rigakafin banza. Shimfiɗa in ta jiƙe kuma, kashin jini ne zai biyo baya.

Abinci shi ne uwar kashe kuɗi, kashi biyu cikin uku na duk abin da za ka zuba. Masara ta fi rabin haɗin, kamar kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari, sai waken soya da aka matse mansa, garin kifi, dusar alkama, ɓawon kawa, gishiri da sinadarin bitamin. Masarar daga Techiman da Ejura take zuwa, kuma dole ta bushe har ta yi ƙara a haƙori. Mai danshi tana yin hunhuna, hunhunar tana lalata hantar kaza, sai ka ga suna ci ba sa girma. A yanayinmu kaza tana cin kilo 4 da rabi zuwa 5 kafin ta kai kilo 2 da 'yan kai a mako bakwai ko takwas. In aka yanka, aka fige, aka cire kai da ƙafa da kayan ciki, kashi 70 ne kawai ke saura, wato wajen kilo 1.6. Ke nan kowane kilo na nama ya ci kilo 3 na abinci. In ka haɗa kuɗin ɗan tsako, magani, gawayi, albashi da waɗanda suka mutu a hanya, kilo ɗaya na nama yana tsaya maka a kuɗin kilo 4 da rabi na abinci, ba ka ci ribar ko sisi ba.

Da wannan aikin na yi aure, na kama ɗaki da falo a Sawaba, na sa ƙannena biyu a makaranta. A tsakiyar shekarun 1990 maigidan gonar ya ɗora ni a kan sauran ma'aikata. Alƙaluman da aka fi ambata sun ce a 1992 kajin gida ne ke cika kashi 95 cikin ɗari na kasuwar Gana. Zuwa 2001 sun koma kashi 11. Tsakanin waɗannan shekaru biyu ni ina cikin ɗakin kaji, kuma ba rana ɗaya abin ya faɗo mana ba. Otal guda ya rage oda. Wata makarantar kwana ta ce ta sami mai araha. Matan da ke soya kaza a tasha suka daina zuwa da kwandunansu. A kasuwar Asafo da ke Kumasi kuwa, inda da kifi kawai ake sayarwa a ɗakunan sanyi, sai ga kwalayen daskararrun kaji daga ƙasashen waje masu kilo 10 an jera, fukafukai daban, cinyoyi daban, ƙashin baya daban, ƙundu daban.

Da farko mutanen Zango sun ƙi su. Ana cewa mushe ne, wa ya san wanda ya yanka, malamai suna ta jan kunne a wa'azi. Babana har ya bar duniya bai sa su a baki ba. Amma kwalaye suka fara zuwa da tambarin halal, aljihu kuma ya yi ta ƙara ƙunci, musamman a shekarar 2000 da sidi, kuɗin Gana, ya zube daga kusan 3,500 zuwa wajen 7,000 a dala ɗaya. Mai sayar da wake da shinkafa ba za ta iya sayen kaza mai rai ta biya yanka da figa, ta samu cinya biyu da fiffike biyu kacal ba, alhali ga inda za a auna mata kilo biyu na fukafukai masu girma ɗaya, ta san ko guda nawa za ta fitar kafin ta ɗora mai a wuta. Ban taɓa ganin laifinta ba. Yayata ma sana'arta ke nan, kuma da kajin kwali ta ci gaba da riƙe 'ya'yanta.

Sai 2003 ta zo. A kasafin kuɗin shekarar, zamanin Shugaba Kufuor, gwamnati da bakinta ta ce kaya masu araha daga waje suna kashe manoman gida, don haka za a ɗaga harajin shigo da kaji daga kashi 20 zuwa 40, na shinkafa daga 20 zuwa 25. Majalisar dokoki ta amince, abin ya zama doka mai lamba 641. Ba a karya wata ƙa'idar duniya ba, domin iyakar da Gana ta ɗaure kanta da ita a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kashi 99 ce. A gonarmu ranar da labari ya iso an yi murna kamar Sallah. Maigida ya kira ni ofis ya ce, "Malam, a gyara ɗakuna ukun nan da muka rufe, a kira yaran da muka sallama." Ya ci bashin banki a lokacin da kuɗin ruwa ya haura kashi 30. Ni ma na kwashe adashina, na haɗa da kuɗin da maiɗakina ta tara a sana'ar koko, na zuba 'yan tsaki ɗari biyar a wani kango da na ara.

Harajin bai yi rai ba. Cikin 'yan makonni aka umarci kwastan su dakatar da karɓarsa, bayan tattaunawar gwamnati da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. Gana a lokacin tana cikin shirin yafe bashi na HIPC, tana jiran a sakar mata kuɗi. Mu muna can muna hura gawayi, ba wanda ya aiko ya ce mana an fasa. A bakin wani mai kawo mana dusar alkama na fara ji, ban ma yarda ba sai da na je Asafo na ga farashin kwali bai motsa ba.

Ga abin da wanda bai yi kiwo ba ba zai gane ba. Kazar nama ba a ajiye ta. In ta kai mako takwas ba ka sayar ba, tana cin kusan giram 180 kowace rana, naman da take ƙarawa kuma ba ya biyan abin da ta ci. Kaji ɗari biyar ke nan suna cinye kusan buhu biyu masu kilo 50 kullum. Ƙafafunsu suna fara kasa ɗaukarsu, in rana ta yi zafi manyan cikinsu su kife su mutu, kuma mafi ƙiba ne ke fara tafiya. Ba mu da mayanka, ba mu da ɗakin sanyi. Dillalai sun san haka sarai, sai su zo su leƙa, su taya rabin kuɗi, su ce za su dawo jibi. Suna sane da cewa jibi za ka sallama a ƙasa da haka.

Na sayar da nawa a kan asara, wasu bashi, wasu har yau ba a biya ni ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin maiɗakina. Tun ƙarfe uku na dare take tashi ta dama koko, sulai-sulai ta tara su. Da na zaunar da ita na yi mata bayani, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Baban yara, Allah ya mayar da alheri," ta tashi ta ci gaba da tace gasara. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na daɗe ba na iya cin abinci a gabanta.

A babbar gonar kuwa banki ya fara aiko da takardu. Maigida ya yanke shawarar daina kajin nama gaba ɗaya, ya rage ma'aikata fiye da rabi, kuma ni aka miƙa wa takardar sunaye in karanta. Na tsaya a gaban ma'ajiyar abinci, mutane suna tsaye da takalman roba, wasu hannunsu duk garin masara. Akwai dattijon da shi ya koya mini riƙe kaza in yi mata allura ba tare da na karya mata fiffike ba, sunansa na uku a takardar. Da na kira shi sai ya ce, "Ɗana, karanta, ba kai ka rubuta ba." Akwai yaron da aka ɗaura wa aure bai fi wata biyu ba. Babu wanda aka ba kuɗin sallama mai kauri, albashin wata guda ne da kaza bibbiyu. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni nawa sunan ma ya fito, wani ya karanta.

Ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ba ta yi shiru ba. Ta kai ƙara babbar kotu a Ankara, babban birnin Gana, tare da lauyoyin wata cibiya mai kare haƙƙin jama'a, tana cewa doka ce majalisa ta yi, ba wanda ke da ikon jingine ta da wasiƙa. A watan Maris na 2005 kotu ta ba manoma gaskiya. Cikin 'yan kwanaki aka kai ƙudurin gaggawa majalisa, aka soke dokar baki ɗaya. Tunda kotu ta ce a bi doka, sai aka kawar da dokar.

A majalisarmu ta shayi har gobe ana gardama a kan wannan. Wasu na cewa manyanmu jahilci ne ke damunsu, a mota mai sanyi suke yawo, ba su san wahalar talaka ba, da sun sani da sun gyara. Ni ba na karɓar wannan, kuma hujjata 2003 ce. Wanda bai san cuta ba ba ya rubuta sunanta da maganinta a kasafin kuɗi. Sun sani, sun faɗa, sun yi doka, suka janye. Da aka tilasta musu, suka zauna takanas suka kashe dokar da hannunsu. Wasu kuma na cewa ƙiyayya ce, so ake a ga bayanmu. Wannan ma ban yarda ba, domin ba wanda ya tuna da mu har ya ƙi mu. Awo aka yi. A gefe ɗaya ga masu ba da bashi da alkawarin yafe biliyoyin daloli, ga 'yan kasuwar tashar jirgin ruwa ta Tema masu shigo da kwantena, su ƙalilan ne, suna iya ganin minista a rana ɗaya, ga kuma jama'ar birni da in nama ya yi tsada za su huce a akwatin zaɓe. A ɗaya gefen ga mu, leburori warwatse a dazukan Asante da Bono, ba ƙungiyar ƙwadago, ba mai jin kukanmu in an sallame mu. Babana da na ba shi labari a kan gadon jinyarsa cewa ya yi, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin dai a kanmu aka yi shi.

Abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne maƙwabta. Najeriya ta hana shigo da daskararrun kaji zamanin Obasanjo, duk da cewa ana ta fasa-ƙwaurinsu ta Kwatano. Senegal ta rufe ƙofa a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta kuma bar ta a rufe. A 2005 ɗin dai Kodebuwa ta ɗora sefa 1,000 a kan kowane kilo. Su ma ana bin su bashi, su ma suna da talakawa masu son nama, amma yau in ka tsallaka iyaka daga garin Dormaa ka shiga Kodebuwa, kajin gida za ka tarar a kasuwa.

Aikin da na samu bayan zaman banza shi ne dako a wani ɗakin sanyi a Asafo. Na ɓoye wa mutanen unguwa na tsawon lokaci, ina fita kafin asuba da rigar sanyi a leda. Mutumin da ya yi shekaru yana ba da umarni a gona, yau ga shi da kwali uku a ka, kuma kwalin abin da ya kore shi ne. Yatsuna suka tsattsage, ƙirjina ya kama tari. Amma a can na fahimci cinikin daga ɗaya ɓangaren, na kuma daina tunanin cewa Turawa sun fi mu iya kiwo ne kawai.

Duba abin da ke cikin kwalayen. Da wuya ka ga tsokar ƙirji. A Turai da Amurka ƙirji ake so, a kansa kamfani yake fitar da mafi yawan kuɗin kazar. Sauran, baya da wuya da fiffike da cinya, rara ce, duk abin da aka samu a kai riba ne. Daga Amurka cinya haɗe da gindin baya ke zuwa, daga Holan da Beljiyam da Folan fukafukai da baya, har da tsofaffin kajin ƙwai masu tauri waɗanda matanmu ke so saboda ba sa narkewa a miya. Barazil kuwa masara da soya ne ke da arha a wurinta. Ga tallafin da manoman hatsinsu ke samu, ga kuɗin da Tarayyar Turai ta riƙa biyan masu fitar da kaji waje har zuwa 2013. Mu muna sayar da kaza sukutum don mu biya kuɗin kaza sukutum, ana gwada farashinmu da na abin da wani ya riga ya ci ribarsa.

Na kuma ga abin da mai saye ba ya gani. A 2006 da 2007 ruwan madatsar Akosombo da ke ba mu wutar lantarki ya ja baya, aka shiga rabon wuta. In injin janareta ya tsaya ko aka yi tsimin mai, kaya suna saki, wuta ta dawo su sake daskarewa. Alamar ba ta ɓuya ga wanda ya sani: kwali ya yi laushi ya bushe da tabo, jini ya taru ya daskare a kusurwa ɗaya ta leda, guntayen naman sun manne sun zama dunƙule guda maimakon su rabu, fatar ta yi fari-fari kamar an ƙona. In kin ga haka, uwargida, ki ajiye ki nemi wani.

Ba zan ce haraji kaɗai ne zai cece mu ba, ko a 2003. Masararmu tana da tsada domin abin da manomi a nan yake samu a hekta ba shi da yawa, kuma masarar nan ita mutane ke ci a banku da kenke, kaza da mutum suna takara a buhu ɗaya. Kuɗin ruwan banki ya fi ƙarfin sana'ar da ribarta ba ta da kauri. Ba mu gina mayanka da za su yanka, su rarraba, su daskarar ba. Amma duk waɗannan abubuwa ne da ake ginawa in akwai kasuwa mai tabbas. Ba mai zuba kuɗinsa a mayanka alhali doka tana iya juyawa kafin siminti ya bushe. Shi ya sa da harajin bai-ɗaya na ECOWAS ya kai kaji kashi 35 a 2016, bai tayar da mu ba. Injinan ƙyanƙyasa da yawa sun riga sun tsaya, ana shigo da 'yan tsaki ta jirgin sama, ƙwararrun ma'aikata sun watse, wasu sun koma haƙar zinariya, wasu sun bi hanyar Libiya. Ko a hakan ma, a 2019 aka zabtare rabin ƙimar da kwastan ke lissafa haraji a kanta, wato an ba da da dama an karɓe da hagu, sai daga baya aka janye rangwamen. A 2014 an ce mai shigo da kaji ya sayi kashi 40 a gida, kwalaye ba su ragu a Asafo ba. Manyan jam'iyyun Gana biyu, NPP da NDC, duk sun yi mulki a tsakanin, kowacce ta yi alkawari tana adawa.

In ana neman jahilci na gaske, a ƙananan shirye-shirye yake. A raba wa matasa 'yan tsaki a gaban kyamara, ba abinci, ba rigakafi, ba wanda zai saya. Ɗan tsako shi ne mafi arha a lissafin. Na sha ganin yaro ya karɓi hamsin da murna, mako huɗu ya rasa kuɗin buhu, ya koma ba su dusa zalla, su tsumbure. Wanda ya tsara irin wannan bai taɓa kwana a ɗakin kaji ba. Amma shi wannan ba shi ne ke sa hannu a kan haraji ba.

Da kuɗin dako da taimakon wani ɗan uwa na koma kiwo, amma kajin ƙwai. Dalilin a fili yake: ƙwai yana fashewa, ba a daskarar da shi, kawo shi daga Turai ba riba. Abin da jirgin ruwa ba ya iya kawowa shi ne ya rage mana, shi ya sa Dormaa ta zama garin ƙwai, manyan gonakin Asante ma duk suka karkata can. Sai dai tana da nata jira. Kaza ba ta fara ƙwai sai mako 18 zuwa 20, kana ciyarwa ba abin da ke shigowa. In ta fara tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, dubu ɗaya ke nan sun fi buhu biyu kullum. In suna ba ka kashi 80, kiret 26 ko 27 masu ƙwai talatin-talatin za ka kwasa a rana. In suka sauka ƙasa da kashi 60 to abincinsu kawai suke biya, lokacin sayar da su ya yi, kuma ka daidaita shi da Sallah ko Kirsimeti.

A 2022 na kusa sake durƙushewa. Sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta kai kashi 54 a watan Disamba, masara da soya suka ninka, kiret ɗin ƙwai kuwa ba ya ninkuwa don mai shayi ba zai iya ba. Na rage kaji rabi, na sallami yaro ɗaya cikin ukun da nake da su. Wannan karon ba takarda, a bakin rijiya muka zauna na faɗa masa, na haɗa shi da wani mai injin niƙa a Ejisu. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, amma ban ci bashi ba, shi ya sa gonar tana nan.

Matasan Zango suna zuwa wurina duk lokacin da aka sanar da sabon shirin kaji a rediyo. Abin da nake gaya musu ba ya canzawa. Kada ka zuba ɗan tsako ko ɗaya a kan jawabin kasafin kuɗi. Jira ka ga farashin kwali ya tashi a Asafo, ya kuma zauna a sama har an wuce Kirsimeti da Ista. Kafin ka yi oda, tambayi kuɗin buhun abinci mai kilo 50, ka raba gida 50, ka ninka sau 4 da rabi, ka ajiye kusa da kuɗin kwali da aka raba gida 10. In naka ya fi, kuma kusan kullum ya fi, to kasuwarka ita ce ta masu son kaza mai rai: Sallah ƙarama da babba, Kirsimeti, Ista, suna da biki. Ƙirga mako bakwai baya daga ranar bikin ka zuba, ka karɓi kafin alƙalami daga masu saye tun suna mako huɗu, kuma kada ka wuce adadin da za ka iya sayarwa cikin kwana biyar. Ni kaina haka nake yi, ɗari biyu ko uku sau uku a shekara, sauran watanni ɗakin kajin naman yana kulle.